ƁERA NAMIJI DA ƁERA MACE: YADDA MATSI KE TAƁA HAIHUWA





Batun da zan yi magana a kansa yau batun ɓera ne. Na san da jin haka wasu za su ce a ransu, duk matsalolin da ke damun ƙasar nan a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai ɓarawon rumbu? To, ina roƙo a yi mini haƙuri kaɗan. Manomin Ɗambatta, ko na Bichi, ko na Makoɗa, yana da buri uku waɗanda kullum suna ransa. Yana so ɓerayen da ke cinye masa gero su rage hayayyafa, yana so akuyarsa da tunkiyarsa su riƙa haihuwa a kan kari, yana kuma fatan gidansa ya cika da 'ya'ya masu lafiya. Waɗannan buri uku gindinsu ɗaya ne, watau yadda jikin dabba mai shayarwa yake yanke hukunci ko yanzu lokacin haihuwa ne, ko kuwa lokacin tsira da rai. Kaso mai yawa na abin da duniya ta sani game da wannan hukunci kuwa a jikin ɓera aka koye shi. Abin da nake so in nuna muku shi ne, wahala tana tauye haihuwar namiji, tana tauye ta mace, amma ba ta ƙofa ɗaya take shigar musu ba, ba kuma lokaci ɗaya take bayyana ba. Saboda haka duk wanda ya binciki jinsi ɗaya ya ƙyale ɗaya, rabin labari ya ji.

Kalmomi biyu

Kafin in yi nisa, bari in warware kalmomi biyu da za ku riƙa ji. Ta farko ita ce homon. Homon sinadari ne wanda wata gaɓa ta jiki take zubawa cikin jini, jini ya ɗauke shi ya kai shi ga wata gaɓa mai nisa, can ya isar da umarni. A taƙaice dai ɗan aike ne. Ta biyu ita ce matsi. Abin da nake nufi da matsi shi ne duk wani hali da zai auka wa jiki har jiki ya ga kamar rayuwarsa tana cikin haɗari, kamar yunwa, da ƙishirwa, da tsananin zafi ko sanyi, da ciwo, da tsoro, da ɗauri, da cin zali daga wanda ya fi ƙarfi. Damuwar zuciya, wadda muka fi sani, reshe ɗaya ce kurum daga cikin rassansa.

Wanda ya fara tsara wannan ilmi wani likita ne mai suna Hans Selye, a Jami'ar McGill ta birnin Montreal a Kanada. Abin mamaki, homon na haihuwa yake nema. Ya riƙa yi wa ɓeraye allurar ruwan da aka tatso daga ma'ajiyar ƙwai ta shanu, yana zaton zai gano wani sabon homon. Da ya feɗe ɓerayen sai ya tarar wata 'yar tsoka da ke zaune a kan ƙoda, wadda ake kira adirinal, ta kumbura, cikinsu kuma ya yi gyambo. Sa'an nan ya gwada wasu abubuwa dabam, ya sa su cikin sanyi, ya gajiyar da su, ya yi musu allurar guba kaɗan, duk sai ya ga alamun nan dai su ne. A shekarar 1936 ya buga ɗan gajeren bayani a mujallar Nature, inda ya nuna cewa jiki yana da amsa ɗaya da yake bai wa kowace irin wahala. A cikin alamun da ya lissafa har da cewa idan wahala ta daɗe, gaɓoɓin haihuwa sukan tsuke, mai shayarwa kuma nononta yakan ƙafe.

Sarauta biyu a fada ɗaya

Domin mu gane yadda hakan ke faruwa, mu ɗauki misali da tsarin sarautarmu, inda umarni ke fitowa daga Sarki zuwa Hakimi, daga Hakimi zuwa Dagaci. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai suna haifotalamas, shi ne Sarki. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar tsoka mai suna fituwitari, ita ce Hakimi. Dagatai kuwa suna can nesa cikin jiki.

Layin umarni na farko na haihuwa ne. Sarki yana aiko ɗan aike mai suna GnRH, wanda Andrew Schally da abokan aikinsa suka gano ƙirarsa a 1971, aikin da ya sa shi da Roger Guillemin suka sami lambar Nobel a 1977. Wannan ɗan aike ba kwarara yake yi ba, ɗigo-ɗigo yake zuwa, lokaci bayan lokaci. Duk sa'ad da ya iso, Hakimi sai ya saki nasa 'yan aike, babbansu shi ne LH. A jikin namiji LH yana zuwa ga maraina ya ce su yi testostiron. A jikin mace yana zuwa ga ma'ajiyar ƙwai, inda ake yin istirojin da furojestiron, ake kuma nunar da ƙwai.

Layin umarni na biyu na ko-ta-kwana ne. Da zarar haɗari ya taso, Sarki sai ya aiko CRH, wanda Wylie Vale ya tace daga ƙwaƙwalwar tumaki a 1981. Hakimi ya saki ACTH, shi kuma ya garzaya wurin adirinal ɗin nan ta kan ƙoda, ta zubo homon na matsi. A jikin ɓera sunansa kotikostiron, a jikin mutum da akuya da tunkiya kuwa kotisol. Aikinsa shi ne ya fasa rumbun jiki, ya fito da sukari cikin jini, ya kuma dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba. Haihuwa aiki ce mai tsada wadda za a iya jinkirtawa. Garin da yaƙi ya zagaye ba ya shirin biki. A 1986 Catherine Rivier da Jean Rivier da Vale suka nuna cewa idan aka toshe hanyar CRH a ƙwaƙwalwar ɓera, matsi ba ya iya sauko da LH kamar yadda ya saba, watau dai layi na biyu shi ne ke taka wa na farko birki.

Har nan namiji da mace tafiyarsu ɗaya. Daga nan hanya ta rabu.

Namiji

Haihuwar namijin ɓera aiki ne na yau da kullum, ba ta da rana ta musamman. Maraina suna yin testostiron ba fashi, suna kuma ƙera ƙwayoyin maniyyi ba fashi, kowace ƙwaya tana ɗaukar kamar mako bakwai kafin ta kammala. Idan aka tsorata shi na ɗan lokaci, testostiron yakan ɗan yi sama tukuna, amma idan aka tsare shi cikin ƙunci na sa'o'i, sai ya faɗo ƙasa. Abin lura shi ne, ba lalle sai umarni ya ragu daga fada ba. Ƙwayoyin da ke yin testostiron a cikin maraina suna da kunnen jin kotikostiron kai tsaye. Saboda haka homon na matsi yana iya tsallake Sarki da Hakimi, ya je wurin Dagaci da kansa ya ce a rage aiki. Carl Monder da Matthew Hardy, masu bincike a New York, sun nuna cewa waɗannan ƙwayoyi suna da wani sinadari mai kashe kaifin kotikostiron, kamar garkuwa, amma idan matsi ya yi yawa yakan fi ƙarfin garkuwar.

Wane irin matsi ne ya fi yi wa namiji illa? Robert Blanchard da Caroline Blanchard, a Jami'ar Hawaii, sun gina wa ɓeraye ramuka waɗanda ake iya leƙa cikinsu, suka zuba maza da mata tare. Cikin 'yan kwanaki namiji ɗaya ya zama gwarzon rami, sauran suka zama 'yan bi. Bayan kamar mako biyu, mazan da aka danne sun rame, kotikostiron nasu ya hau, testostiron nasu ya sauka. Ke nan babban abokin gaban namijin ɓera shi ne ɗan'uwansa namiji da ya fi shi ƙarfi.

Misalin namiji kamar fitilar kananzir ne da aka murɗe lagwaninta. Haske ya ragu, amma ba ta mutu ba. Yana nan yana kai da kawowa, mai kallo ba zai ga komai ba, alhali kuwa ƙwayoyin maniyyinsa sun ragu, sun kuma raunana. Tun da ƙera su yana ɗaukar makonni, illar wahalar yau sai bayan makonni take bayyana, warkewa ma haka.

Mace

Macen ɓera tsarinta dabam ne. Tana da zagaye na kwana huɗu ko biyar. A cikin kwanakin nan istirojin yana hawa sannu a hankali, har ran da ya kai ƙololuwa. A ranar nan da yamma sai Sarki ya bar ɗigo-ɗigon da ya saba, ya ɓalle madatsa gaba ɗaya, LH ya yi ambaliya cikin jini, cikin daren nan ta karɓi namiji, kafin gari ya waye kuma ƙwai ya fito. Namijin ɓera ba ya iya yin wannan ambaliya ko da an ɗura masa istirojin, domin testostiron da ya ratsa ƙwaƙwalwarsa a kwanakin haihuwarsa ya riga ya rufe wannan hanya.

A 1950 John Everett da Charles Sawyer, a Jami'ar Duke ta Amurka, suka gano cewa wannan ambaliya tana da sa'a tata, tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4 na rana bisa tsarin hasken ɗakin bincikensu. Idan aka yi wa macen allurar barci kafin wannan sa'a, ƙwai ba ya fita a daren nan, sai an jira sa'o'i 24 cif. Ku duba bambanci, jama'a. Haihuwar mace a rataye take a kan 'yar taga ƙarama, wadda ke buɗewa sau ɗaya a zagaye. Misalinta kamar kasuwar ƙauye ce mai ci rana ɗaya. Wanda ya makara ba rabin ciniki zai yi ba, sai dai ya jira wata kasuwar. Matsin da zai ɗan rage wa namiji haske, idan ya faɗo wa mace daidai kan gaɓa, yana iya jinkirta ambaliyar ko ya hana ta ɗungurungum. Idan kuwa ya daɗe, zagayen ma yakan rikice ko ya tsaya.

Bugu da ƙari, aikin namiji yana ƙarewa da barbara, na mace kuwa a nan yake farawa. Akwai zaman ciki a mahaifa, akwai goyon ciki na kwana 21 zuwa 23, akwai shayarwa, kowanne ƙofa ce da wahala za ta iya shiga. A shekarar 2000 Kazuyoshi Tsutsui na Japan ya gano wani homon a ƙwaƙwalwar wata tsuntsuwa dangin makwarwa, wanda aikinsa shi ne taka birki ga haihuwa. Takwaransa a jikin ɓera sunansa RFRP-3. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna cewa matsi yana ƙara wannan birki a jikin namijin ɓera, LH kuma ya sauka. A 2015 suka gwada a kan mata. Suka riƙa tsare su sa'o'i uku kullum har kwana 18, sa'an nan suka bar su suka huta kwana huɗu, watau zagaye guda. Kotikostiron ya koma daidai, amma birkin yana nan a take. Matan suka rage karɓar namiji, waɗanda suka ɗauki ciki suka ragu, cikin waɗanda suka ɗauka ma 'ya'ya da yawa suka narke a mahaifa. Da aka kashe wannan birki tun lokacin matsin, sai haihuwarsu ta koma tamkar ba a taɓa wahalar da su ba. Darasin a nan shi ne, wahala tana wucewa ta bar sawunta a jikin mace.

Har ila yau, amsar da jiki ke bai wa matsi ita kanta ba ɗaya ba ce. Tun 1961 Julian Kitay ya nuna cewa macen ɓera ta fi namiji zubo kotikostiron idan aka takura ta. Daga baya Victor Viau da Michael Meaney, a McGill, suka nuna a 1991 cewa amsar tata ta fi ƙarfi a ranar da istirojin ya kai ƙololuwa, a 1996 kuma suka nuna cewa testostiron yana sassauta amsar namiji. Ga shi kuwa ranar da ta fi jin matsi ita ce ranar da tagar haihuwa ke buɗewa. Kuma abin da ke takura ɗaya ba lalle ya takura ɗaya ba. A 1995 Kelly Brown da Neil Grunberg suka tarar cewa cunkoso yana ɗaga homon na matsi a jikin mazan ɓeraye, matan kuwa zaman kaɗaici ya fi ɗaga musu shi.

Akwai kuma inda wahalar mace take komawa kan namiji. A 1972 Ingeborg Ward ta takura ɓeraye masu ciki a makon ƙarshe na goyon cikinsu. 'Ya'yansu maza da suka girma sai aka ga ba su da kuzarin neman mace kamar sauran maza. Dalili kuwa, akwai wasu kwanaki kafin haihuwa da ɗan tayi namiji yake bukatar testostiron ya hau a jikinsa, wahalar uwa ta ɓata wannan lissafi.

Me ya sa aka daɗe ba a san rabin nan na biyu ba? Domin masu bincike sun fi son aiki da maza, wai zagayen mace yana rikita musu sakamako. A 2011 Annaliese Beery da Irving Zucker suka ƙididdige cewa a fannin binciken ƙwaƙwalwa, ayyukan da aka yi da maza zalla sun ninka na mata zalla fiye da sau biyar. Sai a 2016 babbar hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara neman masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi biyun.

Mu dawo gida: rumbu

Duk wannan a kan farin ɓeran ɗakin bincike aka yi shi. To, mu fa ina ruwanmu? Mu fara da rumbu. Ɓeran da ya fi addabar gonaki da gidajen ƙauye a Afirka kudu da Sahara shi ne wanda masana ke kira Mastomys natalensis, ɓera mai yawan nono, domin macensa tana iya samun nono har 24, kuma haihuwar 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya ba abin mamaki ba ne a wurinta. Shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, wanda yanzu ke Jihar Borno. Haihuwar wannan ɓera tana bin ruwan sama. Da rani, abinci ya yi ƙaranci, matan sukan dakata. Idan damina ta sauka, ciyawa ta tsiro, sai su ɗauka gadan-gadan, ta yadda zuwa kaka da farkon hunturu gona da rumbu sun cika da su. Ƙasashen Sahel sun ga annobar ɓeraye a 1975 da 1976, bayan babban farin nan na farkon shekarun 1970, sa'ad da ruwa ya dawo.

Hikimar da ke nan ita ce, yawan ɓeraye a hannun matansu yake. Namiji ɗaya mai lafiya ya ishi mata da yawa, saboda haka raunin maza ba ya rage garke sosai. Sa'an nan idan muka zuba guba a lokacin kaka muka kashe rabinsu, mun rage wa sauran cunkoso da gasar abinci, watau mun ɗage musu matsi, sai su cike gurbin cikin 'yan watanni. Abin da ya fi shi ne a tsananta musu tun kafin su hayayyafa, a kuma hana su abinci da mafaka, a ɗaga rumbu bisa duwatsu, a liƙe tsagarsa, a rufe hatsi da abinci, a share bola da ciyawar da ke jikin danga, unguwa duka a lokaci ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A wasu ƙasashe an fara bi ta hanyar homon kai tsaye. Masana a ƙasar Sin sun haɗa abincin tarko mai hana ɓera haihuwa, an kuma gwada shi a kan Mastomys a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya.

A nan ya kamata in yi gargaɗi. A 1962 John Calhoun ya ba da labarin ɓerayen da ya tara a ɗaki, ya wadata su da abinci da ruwa, ya bar su suka cunkushe. Maza suka shiga faɗa, mata suka daina gina sheƙa suka watsar da 'ya'yansu, har a wasu sassan ɗakin kashi 96 cikin ɗari na jarirai suka mutu. Marubuta da yawa suka ɗauki wannan suka ce haka ɗan Adam zai zama duk inda ya cunkushe. Ƙasar Kano ta isa amsa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 ya bayyana yadda ɗaruruwan mutane ke zaune a kowace murabba'in kilomita a karkarar da ke kewaye da Kano, gona na jikin gona, ana nomawa kowace shekara, ana raya ƙasa da takin dabbobi. Jama'ar nan ba su watse ba, domin suna da abin da ɓerayen Calhoun ba su da shi, watau zumunci, da gayya, da kasuwa, da hanyar fita cin rani. Jikin ɓera yana koya mana yadda homon ke aiki. Ba ya koya mana yadda al'umma ke zama.

Turke

Dabbobinmu sun fi kusa da wannan darasi. A karkarar Kano, da yake babu sauran makiyaya mai faɗi, da zarar an yi shuka sai a ɗaure awaki da tumaki a turke har a kawar da amfanin gona, abincinsu sai abin da aka yanko musu. Kafin nan kuma sun sha bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, harawa ta ƙare, ruwa ya yi wuya. Zafi yana ɓata maniyyin rago da na bunsuru, kuma da yake ƙera shi yana ɗaukar kamar mako bakwai, ragon da ya sha rana a bazara yana iya kai wa tsakiyar damina bai murmure ba, alhali ga shi da ƙoshin lafiya a ido. Tunkiya kuwa zagayenta kamar kwana 17 ne, na akuya kamar kwana 21, kuma su ma suna da ambaliyar LH irin ta macen ɓera. Hilary Dobson da Robert Smith, a Jami'ar Liverpool ta Ingila, sun nuna cewa ɗora tunkiya a mota na 'yan sa'o'i a daidai wannan gaɓa yana iya rage ambaliyar ko ya jinkirta ta. Ku tuna yadda ake cusa dabbobi a bayan mota zuwa kasuwar Ɗambatta.

Me muke yi idan akuya ta shekara ba ta haihu ba? Sai mu ce juya ce, mu kai ta kasuwa. Bunsurun da ke yawo a unguwa kuwa ba mai tuhumarsa. Inuwa, da ruwan sha, da ɗan ƙarin dusa ko kowa ga namiji wata biyu kafin barbara, da barin mace ta natsu a kwanakin da take neman namiji, abubuwa ne da ba su fi ƙarfin talaka ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, tana nan domin irin wannan aiki, amma ilmin da bai isa turke ba bai gama tafiyarsa ba.

Gida

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Mutum ba ɓera ba ne, amma layukan umarnin nan biyu suna jikinmu. Likitoci sun san cewa yunwa, da aikin ƙarfi fiye da kima, da tsananin damuwa, suna iya ɗauke wa mace al'adarta. A yunwar da ta auka wa ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, mata da yawa al'adarsu ta tsaya, haihuwa kuma ta faɗi ƙwarai bayan wata tara. Namiji shi ma wahala da zazzaɓi mai zafi suna rage masa testostiron da ƙwayoyin maniyyi, waɗanda a jikin mutum sukan ɗauki kamar wata biyu da rabi kafin su kammala. Bambancin shi ne, na mace a fili yake, kowane wata ana gani, na namiji kuwa a ɓoye yake, sai an auna.

Wannan bambanci na halitta shi ne muka mayar hujjar zalunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kamar mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki. Amma a wurinmu ita ake wa gori, ita ake ɗirka wa saiwoyi, ita ake yi wa kishiya ko a ba ta takarda. Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce wa matar da ba ta haihu ba ta kwantar da hankalinta kawai za ta samu. Matsi ɗaya ne daga cikin dalilai, kuma akwai waɗanda suka fi shi yawa a ƙasashenmu, kamar toshewar hanyar ƙwai sakamakon ciwon sanyi ko cutar bayan haihuwa, waɗanda sai likita. Abin da ya dace shi ne miji da mata su tafi asibiti tare, tun da awon namiji ya fi sauƙi, ya fi arha.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu nan gaba za mu yi aikin binciken kammala digiri da ɓeraye ko zomaye ko awaki. Duk wanda zai yi, ya sa maza da mata, ya rubuta sakamakon kowane jinsi dabam, ya lura da ranar zagayen macen, ya kuma tausaya wa dabbar, domin dabbar da ta firgita ƙarya jininta zai faɗa masa. Ku kuma yayyenmu malaman gona, da malaman dabbobi, da ma'aikatan lafiya, ku ne kuke shiga Minjibir da Gezawa da Tsanyawa, ku ne ake jin maganarku. Idan aka kawo muku ƙarar akuya, ku tambayi bunsuru. Idan aka kawo muku mace ita kaɗai, ku ce a kira mai gidan.

Malam Shugaba, a nan zan dasa aya, in bar fili ga masu tambaya da masu ƙarin bayani.